Yadda ake cire taron da ya lalace daga kalandar Outlook ta wurin aiki

Idan wani taro ya maƙale a kalandar Outlook ta ofis, ana goge shi yana dawowa, ko tunatarwarsa tana fitowa kowace safiya alhali an daɗe da yin taron, kada ku yi gaggawar share kalandar baki ɗaya. Galibi matsalar tana tasowa daga tarukan da ake maimaitawa, irin na kowace Litinin, waɗanda aka yi ta sauya musu lokaci har bayanansu suka rikice.

Kafin komai, ku adana kwafin kalandar a fayil ɗin PST, wato irin fayil ɗin da Outlook ke ajiye kwafin bayanai a ciki. Na taɓa ganin wata ma'aikaciya ta zauna da biro da takarda tana ƙoƙarin tuno alƙawuran wata guda saboda an tsallake wannan matakin.

Daga nan ku buɗe imel ɗin ta burauza. Idan taron bai bayyana a can ba, lalacewar tana cikin kwafin da ke kwamfutar ne, wato fayil ɗin OST. Sai a tabbatar babu saƙon da ke jiran fita, a rufe Outlook, a sauya wa fayil ɗin suna, a sake buɗewa domin ya sauko da sabo daga saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da imel ɗin ofis. Idan kuwa taron ya bayyana a burauzar, ku koma Outlook na kwamfuta ku mayar da kalandar zuwa tsarin jeri, wanda Outlook ke kira List, inda kowane taro ke fitowa a layi guda har wanda ya ƙi buɗuwa, ku zaɓe shi ku danna Shift da Delete tare. Umarnin outlook.exe /cleanreminders, wanda ake rubutawa a akwatin Run na Windows, yana magance tunatarwar da ta maƙale.

Wanda ya gagara kuma, a bar wa jami'in kwamfuta na ofis ya bincika shi da manhajar CalCheck ta Microsoft.