Yadda za ka riƙe tarminal da dosiyen jami'a lokaci guda, kai bai fashe ba

Ƙannena ƴan tarminal na nan Tawa, na Lise Agabba da na sauran makarantu, da ku ƴan kandida libir masu karatu a gida, wannan naku ne. Abin da ke ci mini rai duk shekara shi ne yaro ya yi karatu kamar ransa zai fita, ya samu bak ɗinsa, wato jarrabawar gama lise, sannan a watan Agusta ka gan shi bisa kabu-kabu yana zagaye gari neman takardar da ya kamata a ce tana hannunsa tun Nuwamba, kafin ya gama an rufe karɓar dosiye. Bak da takardun jami'a tare ake jan su tun ranar da aka koma lakkwal a Oktoba, ba a bari sai ɗaya ya ƙare.

Mataki na farko, takardu, tun kafin karatu ya yi zafi

Samu jakar roba mai zif ka tara komai wuri ɗaya: takardar haihuwa ko jujuma (ta kotu mai maye gurbinta), nasiyonalite, takardar BEPC, biltan na segond da na faramiyar, da hotuna ƙanana masu yawa. Sai ka zauna ka shimfiɗa su bisa tabarma ka karanta sunanka harafi harafi a kowace. Nan ne matsalar take ɓuya. A takardar haihuwa an sa Mahamadou, a BEPC an sa Mamane, ko sunan baba Aboubacar a nan Boubacar a can, ko ranar haihuwa ta bambanta da kwana guda. A gida duk kai ne, amma mai karɓar dosiye ba ruwansa, abin da ke rubuce yake gani, kuma gyaran irin wannan sau da yawa sai an bi ta shari'a, ba aikin yini ɗaya ba ne. In ka ga bambanci ka gaya wa baba ko kawu a ranar, a fara bin sa tun yanzu, don da wannan sunan za a yi maka rajistar bak kuma shi zai bi ka har difloma ta ƙarshe.

In komai daidai ne ka yi fotokopi da yawa ka kai a buga musu hatimin tabbatarwa, ka kuma ɗauki hoton kowace da salula ka tura wa kanka a imel. Ta asali kuwa kada ka bar ta hannun kowa. Kaziye judisiyar, takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta ka, ita kaɗai ce ba a gaggawarta, wata 3 take yi ta mutu, sai an nema ka ciro.

Na biyu, ka san inda makinka yake

Je wurin sansar ko mushen da ke kula da ajinku ka kwafo kwafisiyan, wato lambar da ake ninka maki da ita, na kowace matiyar ta serinka, ka liƙa a bangon ɗaki. Lissafin mai sauƙi ne amma yara da yawa ba su taɓa zama sun yi shi ba. A ce matiyar ɗaya kwafisiyan 5 gare ta wata kuma 2, in ka ɗaga ta farko daga 8 zuwa 10 ka samu maki 10 ke nan, ita ta biyun ko ka ɗaga ta daga 12 zuwa 14 maki 4 kawai ta ba ka. To mi ya sa za ka kwana kan wadda ka riga ka iya don tana maka daɗi? Ɗan seri D ƙarfinsa na cikin mats, fizik da SVT (kimiyyar rayuwa da ta ƙasa), ɗan C mats da fizik, ɗan A kuma filo, faransanci, tarihi da labarin ƙasa da turancin Ingilishi. Sai dai kada ka yar da ko ɗaya, ƴan D da yawa suna raina filo su ce ai surutu ne, alhali 5 a filo tana iya cinye abin da ka tara da gumi a SVT. Har sipor ka ba ta haƙƙinta, maki ne na araha.

Mwayen 10 bisa 20 ita ce ci. Daga 12 ake fara mansiyon ase biyan, 14 biyan, 16 tare biyan. Ni dai shawarata kada ka nufi 10, wanda ya nufi 10 sau da yawa 9 yake samu, kuma mansiyon ita ke magana lokacin zaɓen masu burs da makarantun da ake tace ɗalibai.

Na uku, tsarin yini wanda jiki zai iya ɗauka

Kowa ya iya zana jadawali mai kyau da bik ja da shuɗi, sati biyu ya mutu. Yi ƙarami wanda za ka iya riƙewa. Bayan sallar asuba kai a sake yake gari da sanyi, awa ɗaya da rabi nan ka ba abin da ya fi maka wuya. Da yamma ka duba darasin da aka yi yau kafin ya huce, ko minti 30 ne. Dare kuma na egzo ne, a tablo, da alli a hannu. Karanta kaye kana gyaɗa kai ba karatu ba ne, rufe shi ka ɗauki buruyon ka rubuta abin da ka riƙe, inda ka tsaya cak nan ne ba ka iya ba, nan za ka koma.

Ka yi yawancin aikinka a sanyin Disamba da Janairu. Mu ƴan Adar mun san yadda Afrilu da Mayu suke, zafi ya haura 40, kuran ya ɗauke, bantilater ta tsaya, kana zaune gumi na ɗiga bisa kaye yana jiƙa rubutu, ba lokacin koyon sabon abu ba ne wannan, na maimaici ne. Ka nemi fitila mai caji ko ta sola tun da wuri. In azumi ya shigo ka maida karatu mai nauyi bayan sahur. In kuma an shiga yajin aiki, na malamai ko na ɗalibai, kai ba hutu ka samu ba, sije na bak, wato tambayoyin jarrabawa, ɗaya ne a ƙasa duka kuma ba ya tambaya ko ajinku ya gama porogaram, sai ka aro kaye wurin ƴan wata makaranta ka ci gaba.

Barci kuma don Allah. Awa 7 in da hali, kada ya gaza 6. Na san ana raba dare da shayi da Nescafé, wasu har ƙwaya ake ba su wai ta hana barci. Ka guje ta, taramadol ba ta ƙara wa kowa ilimi, jiki take ci ta bar mutum da jaraba. Abin da ka karanta, lokacin barci ne yake zama a kai. Ga shi kuma bak tana zuwa ne da shigowar damina, sauro ya fara, ka kwana cikin sange, zazzaɓi a satin jarrabawa ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Ke kuma ƙanwata, naki ya fi nauyi, ki dawo lakkwal ga tukunya ga wanki ga ƙanne. Kada ki yi shiru kina haɗiya. Ki samu inna lokacin da hankalinta ke kwance, ki nuna mata jadawalinki, ki roƙi a ɗauke miki girkin dare ko na kwana uku a sati zuwa Yuli, in da nauyin baki ki sa gwaggo ko yaya ta faɗa miki. Iyaye mata da yawa ba ƙi suke ba, ba a taɓa zaunar da su an yi musu bayanin mi tarminal take nufi ba ne.

Na huɗu, gurup da tsofaffin sije

Mutum 4 ko 5 sun isa, in kun wuce haka fada ce kuka kafa. Kowa ya hau tablo bi da bi, har wanda ke jin kunya, shi ma ya fi buƙata. Daga Fabrairu ku riƙa ɗaukar sije na shekarun baya kuna yi da agogo, lokacin da za a ba ku ranar jarrabawa shi za ku ba kanku, babu leƙen gyara sai an gama. Bak bulan, wato ta gwaji, ma haka, ka shige ta kamar ta gaskiya. Masu sayar da sije a WhatsApp wai ya fito, ku rabu da su, kuɗinka za su ci, in kuma aka kama ka da maguɗi hukuncin zai iya hana ka zama jarrabawa na shekaru.

Na biyar, ina za ka, tun yanzu

Ranar Lahadi ka ware awa guda ta wannan kaɗai. Rubuta zaɓi 3, wanda kake mafarki, wanda makinka zai kai, da wanda za ka koma in biyun sun ƙi. Nan gida Jami'ar Djibo Hamani tana da shari'a, tattalin arziki da gudanarwa, da IUT, cibiyar koyon fasaha, ga shi kana ci a tukunyar gidanku, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, can Harobanda, ita ce uwa, tana da likitanci, noma, kimiyya, adabi da makarantar horar da malamai. Akwai EMIG ta ma'adinai da masana'antu, akwai Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi da André Salifou a Damagaram, mai bak ta larabci kuma ga Jami'ar Musulunci ta Say. Lasisi shekara 3 ne, masta 2 a kai, likitanci kuwa doguwar tafiya ce, ka duba ko gida zai iya jiranka.

Ka nemo wani ɗan unguwarku da ke shekara ta biyu a fannin da kake so ka tambaye shi zahiri, nawa ne a aji, wa zai sauke ka in ba ka samu ɗaki a site, gidan kwanan ɗalibai, ba, nawa yake kashewa a wata. Zancen burs ANAB ce ke riƙe da shi, na cikin gida da wanda ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya ke bayarwa, ka riƙa bin sanarwarsu da kanka. Na Turkiyya ta intanet ake cikawa a Janairu da Fabrairu, kana cikin tarminal, kafin ma ka zauna bak, shi ya sa na ce takardu su zama a shirye. In makarantar kuɗi ce kuma, kafin baba ya sayar da rago ku tambaya ko gwamnati ta amince da ita, ko CAMES, hukumar Afirka mai tantance diflomomin jami'a, ta san diflomar wannan fannin, a nuna muku a takarda.

Satin ƙarshe

Ka je ka ga santar ɗinka da idonka kwana ɗaya kafin, ka gane ɗakin da lambar teburinka. Konbokasiyon (takardar kiran jarrabawa), katin shaida, bik biyu da ruwa su kwana cikin jaka. In an fito daga matiyar kada ka tsaya jin amsar wasu, ka tafi ka ci abinci ka duba ta gaba. Bayan an gama kuma kada ka ba da kayenka ko ka bar gari, in ka kusa 10 ba ka kai ba akwai zagaye na biyu kuma kwanakin da ke tsakani kaɗan ne, ka ci gaba da duba manyan matiyar har a kira sakamako. Ranar da relebe da atestasiyon, takardar maki da ta shaidar cin bak, suka shigo hannunka ka wuce kai tsaye wurin fotokopi da hatimi, ka zuba su cikin jakar nan, washegari ka fara kai dosiye.