Kafin ka saya wa Baba na'urar ji mai araha, duba inda mutane suke yin kuskure

Yawanci haka abin yake farawa: tsoho ya fara yawan "eh? me ka ce?", sai ɗansa ya ga talla a waya, na'ura 'yar ƙarama wai tana dawo da ji, kuɗin ba yawa, nan take ya yi oda. Ba a je asibiti ba, babu wanda ya leƙa kunnen. Alhali wani lokacin dattin kunne ne kawai ya taru ya toshe, likita ya cire a wuce wurin. Wani kuma kunnen ruwa yake yi, in ka ɗauko roba ka toshe shi ka ƙara masa ciwo ne. Idan kuwa jin farat ɗaya ya ɗauke, musamman kunne guda, ko ya zo da jiri, to ajiye maganar sayayya, asibiti za a tafi a ranar. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Malam Aminu Kano da na Shika, a yi gwajin ji a ba ka takardar da ta nuna wane irin sauti ne kunnen ya daina kamawa. Da wannan takardar ake shiga kasuwa.

Inda aka fi asarar kuɗi shi ne wajen zaton wadda ta fi ƙara ita ta fi kyau. Yawancin masu arahar nan da ake talla amfilifaya ce kurum, duk abin da ya shigo ɗaga shi take yi, kamar lasifikar biki. Shi kuwa raunin ji na tsufa siraran sauti yake fara ci, irin su s da sh da f da ts, shi ya sa Baba zai ce maka ai ina jin muryarka, maganar ce ban gane ba. To ka saka masa abin da zai ɗaga kukan janareta da babur da fanka tare da muryar mutane, me ka yi kenan? Ciwon kai ka ƙara masa, kuma ƙarar da ta wuce kima tana iya lalata ɗan jin da ya rage. Ka tambayi mai sayarwa ko ana iya saita ta daidai da takardar gwaji, ko tana rage hayaniya, ko tana da iyakar da ƙara ba ta wucewa. In ya fara kame-kame, yi gaba abinka.

Wasu kuma da sun ga an rubuta Amurka ta amince shikenan hankali ya kwanta. Eh, a 2022 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta ba da damar sayar da wasu na'urorin ji ba tare da takardar likita ba, amma na manya ne masu shekara 18 zuwa sama, masu raunin ji kaɗan ko matsakaici. Haka AirPods Pro 2, abin sauraren kunne na kamfanin Apple, da aka amince masa a 2024. Yaron da sanƙarau ko ƙyanda ta taɓa wa ji ba ya cikin wannan lissafin ko kaɗan, nasa sai ƙwararre, don kunnensa girma yake yi kuma koyon maganarsa ya rataya a kan jin.

Sai batir, wanda ba a tunawa da shi sai an zo gida. Kowane girma da kalarsa: lamba 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Ƙaramin cikinsu kwanaki kaɗan yake yi ya mutu, kuma da ka ɓare 'yar takardar da ke manne a bayansa iska ta shiga ya fara aiki kenan, ko ka saka ko ba ka saka ba, saboda haka kar a ɓare duka lokaci guda. Ka bincika ana samun lambar a garinku kuwa? Mai caji ta fi sauƙi in akwai sola ko fawa banki, in babu kuma ka san halin wutarmu. Dan Allah a ɓoye batiran nan daga yara, haɗiye su haɗari ne babba.

Ƙanƙanta ma tana ruɗar mutane, a zaɓi wadda ke shigewa cikin kunne don kar a gani, sai ga Hajiya yatsu na rawa ta kasa canza batir. Ta bayan kunne ta fi ƙarfi, ta fi daɗin riƙewa. In ka ji tana fito, galibi robar da ke shiga cikin kunne ce ba ta zauna daram ba ko datti ya tare hanya, a canza girman robar kafin a ce ta lalace.

A cire ta kafin alwala da wanka, a goge gumi da ƙurar hunturu, da dare a buɗe murfin batir ta sha iska. Kuma kar a jefa ta cikin durowa bayan kwana biyu wai tana damu, ƙwaƙwalwa sai ta yi makonni kafin ta saba, har muryar mutum ta kansa baƙuwa yake jin ta da farko. A fara da 'yan awanni cikin gida ana ƙarawa a hankali. Shi ya sa tun wajen ciniki za ka tsaya a kan kwana nawa aka ba ka na mayarwa da kuma wa zai gyara in ta samu matsala, a rubuta maka a jikin rasit.