Ka ci gasar waka? Ga yadda za ka hada tsoffin wakokinka album guda

Ko Prix Dan Gourmou ka ci, wadda ake yi don tunawa da mawaki Dan Gurmu na Tawa, ko karamar gasa ce ta nan cikin Maradi, sunanka watanni kadan zai yi a bakin mutane, to a lokacin ne za ka tattara wakokinka na baya ka fitar da su wuri guda tun karfen na da zafi.

Fara da komawa situdiyon da ka yi kowace waka ka amso asalinta daga kwamfuta. Don Allah kar ka dauki wadda ta zagaya WhatsApp da Xender, muryar ta riga ta dushe, a waya ba za ka gane ba amma ranar da aka sa ta a babbar sifika wurin biki sai ka ji kunya. In ka hada su kai ma mai mixing guda daya ya daidaita karar duka, saboda wata ka yi ta nan, wata Yamai, wata kila Kano, in ba a gyara ba mai sauraro zai yi ta kara murya yana ragewa har ya gaji ya wuce.

Wajen zabe kar son kai ya ja ka, 10 zuwa 12 sun isa. Wadda ta ci gasa ita ce ta farko, ita mutane suka zo nema, ka bi ta da wadda ta fi kama da ita, sannan ka sa sabuwa ko guda daya ce don wadanda suke da tsoffin a wayarsu su samu dalilin saye.

Inda na fi jin tsoro ma yaranmu shi ne hakkin mallaka. Sake karanta takardar da ka sa ma hannu wurin gasa, wani lokaci masu shiryawa suna da hannu a kan wakar. Mai kida da 'yar amshi da duk wanda ya hau waka da kai, ku zauna ku yi magana a rubuta kason kowa tun kudi bai shigo ba, in ya shigo zumunci ba ya hana rigima, sannan ka yi rajistar wakokin a BNDA, ofishin kare hakkin mallaka na Nijar, da sunanka.

Kar ka fitar cikin azumi, hankalin jama'a na wurin tafsiri, jira karamar salla. Kai ma gidajen rediyo irin su Anfani, ka sa a YouTube da Audiomack don 'yan Katsina da Kano, kuma ka je da kanka wurin masu tura waka a memori a kasuwa ka ba su mai kyau da hoton bango da sunan kowace waka a rubuce daidai, in ba haka ba za su tura ta da sunan wani.