Sabon zuwa Yamai: ga masu tukunyar da za ka nema

Duk wanda ya sauka Yamai daga Kano, Katsina ko Sakkwato, da zarar ya ajiye jaka tambayarsa ɗaya ce: ina ake cin tuwo a garin nan? Ni amsata kullum ita ce, ka samu mai dafa abinci guda ɗaya ka riƙe ta, ta san fuskarka, ta san yawan yajin da kake so. A Yamai hannun mai girki ake bi, allon da ke bakin ƙofa ba ya gaya maka komai. Rumfar da ta fi kowace cika da azahar sau da yawa ko suna ba ta da shi.

Tawa mai girkin wata dattijuwa ce 'yar jihar Tawa, tana da rumfa a unguwar Bukoki. Ranar da na fara zama a bencinta na ci tuwon masara da miyar kuka, na tambayi kuɗi, ta ce dala ɗari. Na miƙa mata sefa 100. Ta dubi kuɗin, ta dube ni, ta ce, "Ɗana, daga Najeriya ka hito ko?" Na ce, "E, Inna." Sai ta ajiye ludayi, ta zazzage canjinta a kan faifai, ta shiga koya mini lissafin garin: dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, dala hamsin 250, dala ɗari 500, jika kuwa 1,000. Ka haddace wannan tun kafin ka shiga kasuwa, domin daga mai ƙosai har mahauci da dala suke magana, Zabarmawa ma haka. Kuma ka saba da kunnenka: fura a bakinta hura ce, kifi kihi, "me" kuma "mi". Hausar Adar ke nan, ta yankin Tawa, kwana kaɗan za ta zauna maka.

Abin da ya sa nake girmama Inna ya wuce daɗin miya. Tun asuba 'ya'yanta ke kasuwar Katako suna ɗauko kayan cefane. Albasa ba ta yarda da kowace sai ta Galmi, mai ruwan shuɗi-shuɗin nan da ake nomawa a jiharsu, ta ce ita ce ke narkewa a miya. In 'yan'uwanta sun zo daga gida sukan kawo mata cuku, busasshen nan mai faɗi kamar takarda, ta gasa kaɗan ta ba wanda ta ga dama ya haɗa da shayi. Rumfarta kuma tasha ce ta labari. A nan na ji ɗakin hayar da na fara zama, a nan na ga ta haɗa wani yaro Bakatsine da telan da ya ɗauke shi aiki. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni kwana uku, da ba ta gan ni ba sai ga jikanta a ƙofa da kwanon kunu. Baƙo a garin da ba shi da dangi, irin wannan uwa yake bukata kafin komai.

Amma kada ka tsaya kan tuwon gida kaɗai. Yamai garin Zabarmawa ne tun asali, kuma matansu gwanayen dambu ne. Dambunsu da zogale ake turara shi, a zuba mai, a yanka ɗanyar albasa, a barbaɗa yaji. Akwai kopto, wanda kusan kwaɗon zogalenmu ne da ƙuliƙuli. Akwai miyar faku, baƙa wuluk, ta busasshen ganyen lalo, da ake ci da shinkafa. Kamanninta kan sa sabon zuwa ja da baya. Ka daure ka kai loma, za ka koma. In ka gaishe da mai dambu da "fofo", ka tambayi kuɗi da "marje no?", ko da sauran cinikin da Hausa za ku ƙarasa, za ka ga fuskarta ta saki.

Sai mahauta, waɗanda a ganina su ne manyan gwanayen garin. Da yawansu Hausawa ne, sana'ar gado ce. Kilishin Nijar ba sai na yi masa talla ba, amma ka san iri-iri ne: akwai ja mai yaji, akwai fari, akwai rumuzu da ba a tsoma shi cikin tunkuza. Ka tsaya ka ga yadda mai kilishi ke shimfiɗa tsoka da wuƙa har ta zama kamar mayafi, ya shanya a rana, sannan ya bi da ita kan wuta. Ka ce a ɗanɗana maka kafin ciniki, ba wanda zai ji haushi, kuma ka ce a ɗan ɗumama maka a garwashi kafin a naɗe. Da magariba masu gasa rago sukan hura wuta a bakin manyan tituna. Wanda ka ga masu motoci da masu babur sun yi masa layi tare, shi ne naka. In kuma dabbar kake so da ranta don suna ko layya, kasuwar Turaku za ka nufa.

Kogin Kwara ya ratsa garin, saboda haka kifi ba ya yankewa. Giwan ruwa gasasshe shi ne abin da ake kai baƙo na musamman ya ci, musamman a wuraren da ke kallon kogi, irin farfajiyar Grand Hôtel inda ake zama ana kallon faɗuwar rana kan gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970. In aljihu bai kai nan ba, ƙetara gadar zuwa Harobanda. Kewayen Jami'ar Abdou Moumouni cike yake da masu shinkafa da wake da taliya, farashin ɗalibai.

Akwai kuma baƙi 'yan'uwanka da suka riƙe tukunya a garin: 'yan Senegal da shinkafarsu ja da kifi, matan Togo da Benin, 'yan Kodebuwa masu aceke (dambun rogo) da soyayyar ayaba, sai Labanawa masu shawarma a wajen Plateau. Na Senegal ɗin ina ba da shawarar a gwada. Sai dai ka lura, wurin da ka ji an ce masa "maki" galibi ana sayar da giya a ciki. Ka leƙa ka tambaya kafin ka kai iyali.

Karin kumallo ba shi da wahala: mai shayi da dogon burodin Faransa da wainar ƙwai yana kowace kusurwa, ga masu ƙosai da masa da koko. Nonon leda kuwa kowane iri ne "solani" ake ce masa, sunan kamfanin da ya fara shahara da shi. A watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, don haka ka guji latas da miyar da suka daɗe a rana, ka ci abin da aka sauke a gabanka.

Ka riƙa yawo da ƙananan kuɗi, domin canji na wahala, takardar jika goma kan tsayar da ciniki cak. In abincin gida za ka kai, tafi da kwanonka mai murfi. Kuma ka isa rumfa kafin ƙarfe biyu. Tukunyar Inna ba ta kai la'asar.