Yadda ake tantance gidan jinyar tsofaffi a Amurka kafin a kai mahaifi

Bahaushe bai saba kai tsohonsa gidan jinya ba, a gida ake jinya har Allah Ya yi ikonSa. Amma wanda ke zaune a Amurka, mahaifinsa ya samu shanyewar ɓarin jiki ko gigin tsufa, shi kuma tun asuba yake fita aiki, wata rana asibiti za ta miƙa masa jerin gidajen jinya ta ce ya zaɓa cikin ƴan kwanaki. Yawancin mutane da ido suke zaɓa: falo mai sheƙi, furanni a bakin ƙofa. Alhali ingancin gida a rahoton masu bincike yake, da kuma yawan hannun da ke aiki da daddare.

Fara da shafin intanet na Care Compare na Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ga tsofaffi. Hukumar CMS ta gwamnatin tarayya ce ke riƙe da shi, kuma tun 2008 take ba gidajen tauraro ɗaya zuwa biyar. Kada jimillar taurarin ta ruɗe ka. Abu uku aka haɗa: sakamakon binciken jami'an lafiya, yawan ma'aikata, da ma'aunin ingancin kulawa. Wannan na ukun, mafi yawansa daga bayanan da gidan ya kawo da kansa ne, kuma ba wanda ke kai ƙarar kansa. Binciken jami'ai shi ne ginshiƙi. A nan gidajen jiha ɗaya ake gwadawa da junansu, kashi 10 cikin ɗari na sama su samu biyar, kashi 20 na ƙasa su samu ɗaya, don haka tauraro huɗu na Ohayo ba lallai ya zo daidai da na Tekzas ba. In ka ga jar alama mai tafin hannu kusa da sunan gida, an same shi da cin zarafi ko sakaci ba da daɗewa ba.

Daga nan sai ka buɗe rahoton kansa, fom mai lamba CMS-2567. Jami'an jiha kan dira ba sanarwa, kuma doka ta ce kada tazarar ta wuce wata 15. Kowane laifi ana ba shi harafi daga A zuwa L. A zuwa C ƙananan abubuwa ne. D zuwa F ba a kai ga cutar da kowa ba, amma da an iya. G zuwa I an cutar da mutum a zahiri: ya faɗi ya karye, ko gyambo ya ci shi. J zuwa L kuwa rai ne ke cikin haɗari nan take. A kowane rukuni, harafin farko na nufin abin ya shafi mutum ɗaya ko biyu, na biyu ya zama ɗabi'a, na uku ya game gidan. Da wuya ka ga gidan da ba shi da D ko ɗaya, wannan kada ya dame ka. Abin tsoro shi ne G zuwa sama, ko laifi iri ɗaya da ke dawowa shekara bayan shekara, domin hakan na nufin a takarda kawai ake gyara. Dole gidan ya ajiye rahoto na ƙarshe inda kowa zai gani, kuma kana da haƙƙin neman na shekara uku baya.

Batun ma'aikata shi ne uwa-uba. Ƙa'idar tarayya ta daɗe tana neman cikakkiyar nas mai rajista aƙalla awa takwas a jere kullum, da ma'aikacin jinya mai lasisi dare da rana. Wannan mafi ƙaranci ke nan. Wani nazari da aka yi wa CMS a 2001 ya nuna mai doguwar jinya na buƙatar kimanin awa 4.1 na kulawa a rana. Shafin yana nuna awannin kowane gida, da na ƙarshen mako, da yawan masu ajiye aiki a shekara. Inda fiye da rabi ke tafiya duk shekara, tsohonka kullum baƙon hannu ne zai yi masa wanka, wanda bai san yana ƙwarewa da ruwa ba.

Ziyarar farko za a zaga da kai. Ka koma ta biyu ba sanarwa, ranar Lahadi da yamma, lokacin cin abinci. Tsaya a baranda ka duba agogo: minti nawa fitilar kira ke ci kafin a amsa? Zarnin fitsari a ɗaki ɗaya ba komai ba ne, amma in ya cika hawa guda ba a sauya wa mutane ƙunzugu kan kari. Dubi farantan da ake kwashewa ba a taɓa ba. In ka ga tsofaffi jere a keke suna gyangyaɗi da rana tsaka, tambayi mutum nawa ke shan maganin taɓin hankali, domin akan yi amfani da shi a kwantar da masu gigi maimakon a ƙara ma'aikata.

Bayan an karɓi tsohonka, dole a rubuta tsarin kulawa na farko cikin awa 48, a kammala cikakken gwaji cikin kwana 14, cikakken tsari ya biyo cikin kwana bakwai. Ka halarci zaman. A nan ake sa abincin halal, lokutan salla, tafinta, da buƙatar mace ta yi wa mace wanka. Abin da ba a rubuta ba, ma'aikacin dare bai san da shi ba.

Ka riƙa duba diddige, ƙugu da ƙashin gindi da kanka. Wanda ba ya iya juyawa ana juya shi kamar duk awa biyu, in ba haka ba jini ya tsaya, gyambon kwanciya ya fara. An fi koya wa ma'aikata neman ja a fata, a baƙar fata kuwa jan ba ya fita. Wurin kan yi duhu fiye da kewayensa, ya yi ɗumi ko tauri. Nemi a nuna maka nauyinsa duk wata. Ramar kashi biyar cikin ɗari a wata ɗaya, ko kashi goma a wata shida, sai an kira likita.

In abu ya faru, rubuta rana da lokaci, ka kai wa shugabar nas-nas a rubuce. In ba a gyara ba, kowace jiha na da jami'in karɓar koken mazauna gidajen jinya, kyauta ne, lambarsa na manne a bangon gidan. Abin da ya shafi rauni ko duka kuwa, kai tsaye ma'aikatar lafiya ta jiha. Masu gidan ba su da ikon sallamar tsohonka don ka yi ƙorafi, kuma sallama ta yau da kullum sai da sanarwar kwana 30 a rubuce, wadda za ka iya ɗaukaka ƙara a kanta.

Takardun shiga ma a karanta a tsanake. Medicare ba ta biyan fiye da kwana 100, kwana 20 na farko ne kawai take biya gaba ɗaya, dogon zama sai Medicaid, wato tallafin lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ko aljihu. Gida ba shi da hurumin tilasta maka lamunin biya daga kuɗinka, haka ma takardar yafe zuwa kotu ba sharaɗin karɓa ba ce. In ka riga ka sa mata hannu, kana da kwana 30 ka janye.