Darasi na Tara: Me Ake Nufi da "Haihuwa 4.8"?

Wataƙila kun taɓa ji a rediyo an ce matan Najeriya suna haihuwar 'ya'ya 4.8. Ranar da aka rubuta wannan lamba a kan allo a wani ajin yamma a Agege, wata dattijuwa ta ajiye fensirinta ta ce, "Malama, huɗun dai na gane. To wannan takwas ɗin na bayan ɗigo, hannu ne ko ƙafa?" Aji ya kwashe da dariya. Amma ta yi tambaya mai kyau, kuma a kanta darasinmu zai tsaya.

Ana karanta lambar haka: huɗu da ɗigo takwas. Idan ɗigo ya rikita ku, ku share shi, ku ce mata goma. Wato mata 10, 'ya'ya 48. A ƙaddara gidan haya ne mai ɗaki goma, kowane ɗaki da mace ɗaya. Ta farko ta haifi 9, ta biyu 8, sai 7, sai 6, sai 5, biyu sun haifi huɗu-huɗu, ɗaya 3, ɗaya 2, ta ƙarshe Allah bai ba ta ba. Ku haɗa, za ku sami 48. Ku raba gida goma, 4.8 ke nan. Ku lura, a gidan nan babu macen da ta haifi 4.8. Wannan shi ake kira matsakaici.

Daga ina lambar take fitowa? Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke tura ma'aikata su yi binciken lafiyar iyali bayan 'yan shekaru. Ba kowane gida suke shiga ba. Kamar mai sayen wake ne a kasuwa, ba ya zazzage buhu, yana ɗibar cikin hannu daga sama da tsakiya ya duba. Suna tambayar mata 'yan shekara 15 zuwa 49 haihuwar da suka yi a shekarun baya-bayan nan, sannan a yi lissafi: idan yarinya ta taso ta bi yadda mata suke haihuwa a yanzu har ta daina, 'ya'ya nawa za ta samu?

A 1990 amsar ita ce 6.0. A 2003 da 2008 ta tsaya a 5.7. A 2013 ta koma 5.5, a 2018 kuma 5.3. Binciken 2023 zuwa 2024 ne ya ba da 4.8. Mata goman da ke haihuwar 60 sun dawo 48, amma sai da aka shafe fiye da shekara 30. Tafiyar hawainiya ce.

Abin da ya fi shafarmu mu mazauna Ikko, wato Legas, shi ne bambancin jiha da jiha. A binciken 2018, Legas tana da 3.4, mafi ƙanƙanta a ƙasar, Katsina kuwa 7.3, mafi girma. Mata goma a nan 34, mata goma a can 73. Lambar Legas ta haɗa kowa da kowa, Yarbawa da Ibo da mu, kuma duk wanda ya zauna a Idi-Araba ko Alaba Rago ya san dalilan ba sai an karanta masa ba. A ƙauye, yaro ɗan shekara takwas yana kiwon awaki, yana kai abinci gona, ga fili a gida, in iyali sun ƙaru a ja katanga a yi sabon ɗaki. A nan ɗaki ɗaya ne, mai gida yana son kuɗin shekara a dunƙule, ga kuɗin makaranta, ga na mota, hatta ruwa saye ake yi. Kakar da za ta karɓi yaro idan an yaye shi tana can Arewa, tafiyar yini da kwana. Sannan yarinyar da ta yi sakandare ba ta yin aure da wuri kamar yadda mahaifiyarta ta yi, shekarun haihuwarta sun ragu tun kafin a fara ƙirga.

Akwai dalilin da ba a cika ambata ba, ni kuwa ina ganin ya fi sauran nauyi: mutuwar yara. A binciken 2003, cikin yara 1,000 da aka haifa, 201 ba sa kai shekara biyar. Ɗaya cikin biyar ke nan. A 2018 sun zama 132, a bincike na baya-bayan nan 110. Iyayenmu da suka haifi goma, nawa suka raya? Ku tambaye su. Ba banza harshenmu ya tanadi kalmar wabi ba. Uwar da ta binne uku ba za ta saurari mai ce mata ta huta ba. Idan rigakafi da maganin zazzabin cizon sauro da ruwa mai tsabta suka sa yara suna rayuwa, haihuwa takan ragu da kanta, ko ba wanda ya yi wa kowa wa'azi.

Tazarar haihuwa ma ba baƙuwarmu ba ce. Tsofaffi suna yi wa mai kwanika faɗa, don sun san ciki a kan goyo yana kayar da uwa da ɗa. Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ba da shawarar a jira wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki. Mai son ƙarin bayani ta tambayi ungozoma ko nas a asibitin unguwa ranar awo, ya fi kyau su je tare da maigida.

A wasu ƙasashen lambar ba ta yi tafiyar hawainiya ba. Iran ta sauko daga sama da 6 zuwa kusan 2 cikin shekara ashirin. Koriya ta Kudu ta kai 0.72 a 2023, mata goma 'ya'ya bakwai, har gwamnati na ba da kuɗi don a haihu. Masana sun ce sai an sami 2.1 kafin 'ya'ya su maye gurbin iyaye. Mu a Najeriya muna da ninkin wannan da ɗoriya, ga matasa da yawa da ba su yi aure ba tukuna, shi ya sa jama'ar Najeriya ke ci gaba da ƙaruwa ko da lambar tana sauka.

Aikin gida: ku rubuta 5.3 da 3.4 da 7.3 da kalmomi, sannan ku mai da kowace zuwa 'ya'yan mata goma. Bayan haka ku ja layi uku a littafinku, na kakarku, na mahaifiyarku, da naku ko na matarku. A kowane layi ku rubuta lamba biyu: nawa aka haifa, nawa suka girma. Ba sai kun sa suna ba. Ku zo da shi ranar Asabar, za mu haɗa na ajin gaba ɗaya mu fitar da matsakaici.