Kafin ku rubuta wa farfesa neman gurbin digiri na uku

'Yan'uwa mazauna Jidda da Makka masu neman digiri na uku a fannin lissafin kwararar ruwa da iska ta kwamfuta, kada ku aika wa farfesa wasiƙa hannu rabbana.

Ku zaɓi takarda ɗaya da ya wallafa, ku sake gwada ƙaramin sashe nata da OpenFOAM, wadda manhaja ce ta kyauta da ake irin wannan lissafin da ita, sannan ku haɗa sakamakon da wasiƙarku.

Malaman jami'ar kimiyya da fasaha ta KAUST da ke garin Thuwal kusa da Jidda, inda babbar kwamfutar Shaheen take, suna samun wasiƙu masu yawa da suka yi kama da juna. Wanda ya nuna ya warware lissafin Navier-Stokes (wanda ke bayyana yadda ruwa da iska ke kwarara) da kansa, ya kuma bayyana yadda sakamakon ya sauya da ya ƙara ƙanƙanta gidajen ragar lissafin (ƙananan gidajen da ake raba filin kwararar zuwa gare su), ya riga ya amsa tambayar da za a yi masa a ganawa. Kwamfutar cinya ma ta isa wannan aikin.

Dabarar ba ta aiki idan farfesan ya fi karkata ga tsantsar lissafi, domin shi hujja yake nema, hoto mai launi ba ya burge shi. Haka kuma idan ba shi da kuɗin ɗaukar ɗalibi a shekarar, don haka ku fara tambayar ɗalibansa.